Ranar da matan unguwa suka tura motar surukina

Ni mutum ne mai mantuwa, matata ce shaida. Sai a aike ni sayen gishiri in dawo gida da labarin kasuwa, babu gishirin. Amma akwai rana guda wadda ko komai zai zube daga kaina, ita tana nan daram har in koma ga Allah. Ita ce ranar da na tuƙa tsohuwar motar surukina daga ƙauyensu da ke bayan Kusada zuwa Kankia, matata tana kwance a baya, ba mu san ko za ta kai da rai ba.

Motar akori-kura ce ƙirar Japan. An ce da can fara ce, amma ni a launin ƙasa na san ta. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, gilashin da ke bayan kujera kuwa ya daɗe da fashewa, ba a sake sa wani ba. Da ita surukina ya yi shekaru yana kai gero da gyaɗa kasuwanni, kuma ba ya son a taɓa ta da mugun baki. Shi jikan masaƙa ne, kakansa da ubansa duk a kan masaƙa suka tsufa. Wata rana ya ji a rediyo cewa gidan da ya ƙera motar da injin saƙa ya fara. Wai wani mutum ne ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana wahala da saƙar hannu, ya yi ta ƙoƙari har ya ƙera injin da ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke, daga baya ɗansa ya juya zuwa ƙera mota. Tun daga ranar surukina ya ɗauki motar 'yar uwa. Yakan bugi bonet ɗinta ya ce wa maƙwabta, “Ni da ita duk jikokin masaƙa ne. Masaƙi ba ya barin zare a tsinke ya ci gaba.”

Ni ba da ni yake wannan hira ba, daga gefe nake tsinta. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In na je, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin zaure, ido a ƙasa. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ga shi kuma matata ce 'yar farinsa, don haka bai taɓa kama sunanta ba. “Yarinyar nan” yake cewa, shi ma sai ta kama dole.

Cikinta na fari ne, aka mayar da ita gidansu goyon ciki kamar yadda aka saba. Ni ina koyarwa a wata firamare a Kankia, sai ranar da babu makaranta nake hawa babur in leƙa su. Wannan karon tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Da hantsi na isa, bayan na sha fama da ƙoramar da ke tsakaninsu da titi, don sai da na sauka na tura babur ɗin ruwa har gwiwa. Na tarar da ƙauyen shiru, duk wani namiji mai ƙarfi yana gona. Surukina kaɗai ne a zaure, saboda yanar ido ta hana shi noma, ta kuma hana shi tuƙi. Motar na ajiye gindin darbejiya tun da ɗansa mai tuƙa ta ya samu aikin tirela ya yi kudu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, carbi na gudu a hannunsa fiye da yadda na saba gani. Na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau. Daga cikin gida kuwa ina jin takun mata da sauri, ana ɗaukar ruwa, ana magana ƙasa-ƙasa. Can na ji wani nishi wanda na san mai shi. Na matata ne. Amma ta yaya zan buɗe baki in tambayi uban matata ko naƙuda take yi? Shi ma ta yaya zai aika ciki ya tambayi halin da 'yar farinsa take ciki, ga surukinsa a durƙushe? Surukata ta leƙo ta amsa gaisuwata daga bayan danga, ta ce yarinyar ba ta ɗan jin daɗi ne, ta koma. Haka muka zauna, shi yana jan carbi, ni ina zanen ƙasa da tsinke, kowa hankalinsa yana cikin gida. Ashe tun jiya da yamma matata take abu ɗaya.

Allah ya ji ƙan kakar matata, mahaifiyar surukina. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin baki, ita ke karɓar haihuwar rabin ƙauyen, kuma abokiyar wasata ce, kullum angonta take kira na. Ranar babu wasa a fuskarta. Ta fito zaure hannunta a jiƙe, ta tsaya a kanmu.

“Ku biyun ga, mi kuke jira?” ta ce. “Kai uba kana kunya, kai miji kana kunya. To ɗan ya zo a gicciye, ya fi ƙarfina. In ba a kai ta babban asibiti Kankia aka yi mata aiki ba, kunyar taku za ku ɗauka ku kai maƙabarta.”

Surukina ya miƙe zumbur, carbin ya faɗi bai ko waiwaye shi ba. Ya juyo wajen da nake, karo na farko ya yi mini magana wadda ba gaisuwa ba.

“Malam, ka iya tuƙi?”

“Na ɗan taɓa, Baba. A fili, da motar abokina.”

“Ya isa. Kai ka zama ido, ni in zama sauran.”

Sai dai motar babu batir. Tun da aka ajiye ta, surukina ya ba masallaci aron batirin don lasifikar kiran salla. Na ruga gidan ladan, wani dattijo mai ɗingishi, ko gama bayani ban yi ba ya shige masallaci ya ciro wayoyin da hannunsa. Mai ma babu isasshe. Na kwantar da babur ɗina muka tsiyaye na cikinsa, wata maƙwabciya ta aiko da galan ɗin man injin markaɗenta. Na ɗaura batir kamar yadda surukina yake gaya mini, na murɗa makulli. Motar ta yi wani ɗan gurnani ta yi shiru. Lasifika ta shanye batirin.

“Sai turi,” in ji surukina. To wa zai tura? Daga makaho sai gurgu sai ni da zan riƙe sitiyari.

Tsohuwa ta bi gidajen unguwa tana buga ƙofa da sandarta. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Matan aure waɗanda rana ba ta ganin su a waje sai ga su suna fitowa, wata da kumfar wanki a hannu, wata da goyo, wata tana saka hijabi a bai-bai. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar, aka ɗauko matata a cikin zane aka kwantar, surukata ta hau ta tallabe kanta. Ni ban iya kallon fuskarta ba. Surukina ya shigo gaba ya zauna kusa da ni, kafaɗarmu na gugar juna.

“Taka kuloci, sa giya ta biyu,” ya ce. “Kada ka saki sai na ce.”

Mata suka sa hannu. Ƙasa ta jiƙe, tayoyin sun nutse, da ƙyar motar ta motsa. Ina jin tsohuwa tana ba su ƙarfi, “Ku tura, ɗiyan albarka! Yau ita ce, gobe ku ne!” Takalmansu na maƙalewa a taɓo suna barin su a nan. Muka kai ɗan gangaren bayan masallaci, motar ta fara gudu, surukina ya karkata kunne kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ya daka mini tsawa, “Saki!” Na saki. Motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai injin ya kama. Wallahi na sha jin sautuka masu daɗi a duniya, amma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar tsohon injin nan ba. Ta madubi na hango matan tsaye cikin hayaƙi, ƙafafu duk taɓo, hannaye a sama suna addu'a.

Tuƙina tuƙin ɗan koyo ne, ina tafiya ina karkata. Surukina bai ga hanya, amma jikinsa ya san ta. Kafin mu kai rami sai ya ce in bi dama, kafin injin ya koka sai ya ce in canja giya. Har muka iso ƙorama. Ruwan ya ƙaru a kan yadda na bar shi da safe, ja wur, yana tafe da karare da rassa. Na taka birki.

“Akwai kututturen giginya ta hagunka,” ya ce. “Ruwa ya rufe shi?”

“Kansa na waje, Baba.”

“To za ta wuce, ta wuce wanda ya fi wanga. Sa ta ɗaya. In ka shiga, ko mi ka ji kada ka ɗaga ƙafarka daga totur.”

Na yi bisimilla na shiga. Ruwa ya bugi ƙofa, ya fara shigowa ta ƙasa yana jiƙa mana ƙafafu. A tsakiya motar ta rage gudu, tayoyin baya suka fara juyi a yashi, na ji ruwan yana jan gindinta gefe. Daidai nan surukata ta ƙwalla ƙara daga baya, “Ta yi shiru! Malam, ta rufe ido, ba ta motsi!”

Ƙafata ta fara sakin totur da kanta, ina son in juya. Sai na ji hannun surukina a kan gwiwata, ya danne ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya juya fuskarsa ta tagar nan da babu gilashi, ya kira sunan 'yarsa. Sunanta na yanka, wanda shi ya raɗa mata a kunne, wanda tun daga ranar bakinsa bai sake furtawa ba. Ya kira, ya sake kira, muryarsa na fashewa. Injin na kuka, ruwa na ruri, amma na ji ta. Can ƙasa-ƙasa ta ce, “Na'am, Baba.”

Ban san lokacin da tayoyin suka kama dutse ba. Na dai ga gaban motar ya ɗaga, muka haye tudu ruwa na zuba daga ko'ina a jikinta. Surukina ya ɗauke hannunsa daga gwiwata, ya goge fuska da hannun riga, ya ce in sa ta biyu. Daga nan har muka hau kwalta, har muka shiga Kankia, motar nan ba ta yi ko tari ba.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suka shige da ita ɗakin tiyata. Muka zauna a benci ɗaya ni da surukina, wanduna a jiƙe. Da aka daɗe, wata malamar jinya ta fito ta ce an samu 'ya mace, uwa da 'ya suna lafiya, ta ƙara da cewa da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Na rufe fuska na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Surukina ya yi ta hamdala. Can ya sa aka sayo masa gasasshiyar masara a bakin ƙofa, ya karya biyu ya miƙo mini rabi. Na karɓa na ci a gabansa, don yunwa ta kusa kashe ni.

Kada ku ɗauka daga nan muka zama abokai. Ranar suna na koma durƙusona a bakin zaure, shi ma ya koma “yarinyar nan”, kamar ba a yi komai ba. Batir ya koma masallaci cike da caji saboda tafiyar da ya yi, ladan ya ce tun da aka ba shi aro lasifikar ba ta taɓa ƙara irin ta ranar ba. Tsohuwa kuwa ta laƙaba wa jaririyar 'Yar Japan, har yau a ƙauyen da shi aka san ta.

Tsohuwa ta rasu, surukina ma ya bi ta, Allah ya haskaka kabarinsu. Motar tana nan wajen ɗansa da ya dawo daga kudu, har yanzu tana ɗaukar taki da amfanin gona, ƙofarta da igiya. Duk sanda na gan ta sai na dafa bonet ɗinta. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga matan da suka bar takalmansu a taɓo, da ladan da ya yi kiran azahar da la'asar da muryarsa tsura. Har mutanen wata ƙasa mai nisa da suka ɗaure kusoshin motar nan da kyau, ba su san ni ba, ba su san akwai wata ƙorama a bayan Kusada ba, su ma nakan tuna da su da alheri.

Abin da ranar ta koya mini shi ne kunya ado ce, ina son ta, da ita na tashi, amma ba a riƙe ta a inda rai yake jiran a buɗe baki. 'Yar Japan 'yar farina ce, yanzu ta zama budurwa, ni ma ba na kama sunanta a gaban mutane. Sai dai ko tari na ji ta yi daga ɗaki, ba na zama jiran wani ya fito ya gaya mini. Tashi nake in je bakin ƙofa, in kira ta da sunanta, in tsaya har sai na ji ta amsa.