Layin sharji

A gidanmu na Dogon Dutsi fanno ɗaya na wutar sola gare mu bisa rufi, kafar sharji ɗaya, salula kuwa sun fi kajin gidan yawa. Faɗan da ake yi kan kafar nan, da za a sa shi a rediyo, da mutane sun fara ɗaure kaya suna gudu. Lokacin ina koyon rubuta manhaja a wata cibiya bayan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, sai na rubuta 'yar ƙarama mai faɗin wanda ke da layin sharji: Inna, Baba, Yaya, ni, ƙanwata. Da farko na murɗa ta yadda layina zai riƙa zuwa sau biyu. Yaya ya gane, ya murɗe mini kunne har na jiyo kiran sallar Tibiri.

Malaminmu, da muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya koya mana rubuta gwaji. Ɗan rubutu ne da ke yi wa manhaja tambaya, ya duba amsar. In ta yi daidai a ga kore, in ta kuskure a ga ja. Kwamfutocin cibiyar kaɗan ne, don haka ya ce wanda gwajinsa bai tsaya da kyau ba ranar dubawa, ba zai wuce aji na gaba ba. Nawa cewa yake bayan Baba sai Yaya, bayan Yaya sai ni. Ganda ta hana ni rubuta masa mutanen kansa, na sa shi ya riƙa karanta sunayen daga inda manhajar gida ke karantawa. Kullum kore. Na yi ta cika baki.

Da damina Yaya ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Tibiri. Aka kawo shi, aka yi masa sutura, aka kai shi. Gida ya cika da masu gaisuwa, kowa da salularsa, suna tambayar inda za su sa sharji. Ni na riƙa nuna musu. Ban yi kuka ba, aka yi ta cewa yaron nan akwai haƙuri. Ni dai ji nake kamar an cusa mini auduga a kai.

Bayan an watse, ƙanwata ta tambaye ni layin wane ne. Na duba, manhaja ta ce Yaya. Inna na tankaɗe, ta tsaya, sannan ta ci gaba. Na shiga na goge sunan.

Ranar dubawa na kunna gwaji, ya yi ja. Yana neman Yaya bayan Baba, ya tarar da ni. Mushe ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Dama ya zo gaisuwa gidanmu, ya san komai. Na ce masa abu ne mai sauƙi, bari in mayar da sunan, a ga kore, in sake gogewa daga baya. Ya ce hakan ba zai karɓa ba.

"Gobe in ƙanwarka ta tafi Yamai karatu fa? Manhajarka ba ta lalace ba, gida ne ya canza. Gwaji ba ya jingina da abin da ke canzawa."

Ya ce in rubuta wa gwajin gidansa na ƙarya a cikinsa, wanda ba mai taɓawa, in sa duk wanda nake so. Kowane gwaji tambaya ɗaya. Kuma akwai tambayar da ban taɓa yi wa manhajar ba: in aka cire mutum, layi na tafiya daidai? Ya ba ni zuwa la'asar.

Abokina da ke gefe ya cika nasa gidan ƙaryar da Jaki da Akuya da Surukar Akuya, yana zungurina in gani. A da, da na ninka shi. Na zauna ina kallon allon, ina jin ƙarar fanka. Can na rubuta Inna, Baba, Yaya, ni, ƙanwata. Gwajin farko ya tambaya wa ke bin Baba, amsa ta zo Yaya, kore. A na biyu dole a cire wani. Na cire kaina, layi ya tsallaka daga Yaya zuwa ƙanwata. Shi ma kore.

Mushe ya dawo ya karanta. Ya daɗe fiye da yadda rubutun ke bukata.

"Kanka ka cire?"

"Mushe, ni dama a masallaci nake satar sharji."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya ce gwajin ya tsaya, na wuce, kuma in daina abin da nake yi a masallaci.

Na taka zuwa gida. Na gaya wa Inna na wuce, ta ce alhamdulillahi, ta ce in shigo da awaki hadari na tasowa. Na je na shigo da su.