Kan Burtun Malam Isyaku

Da faɗuwar ruwan bana Malam Isyaku ya cika shekara hamsin da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Abokina ne, tare muka yi karatun malanta, tare aka tura mu koyarwa, kuma tun da nake ban taɓa kishin wani mahaluki kamar yadda na yi kishinsa ba. Na san ba haka ake fara tuna mamaci ba. Masu karatu su yi mini uzuri, na tsufa da yin kara, kuma shi marigayin ya san da zancen, don a gabansa nake yi yana dariya.

Ba a kan mace ba ne, ba kuma a kan muƙami ba. A kan kazar dutse ne.

A wancan zamani in aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi. Daga can aka turo mu wata 'yar makaranta a hanyar Bwari, a gindin duwatsun nan da yau gidajen Dutse Alhaji suka hau wa ka. Lokacin ba komai a wurin sai gonakin doya na Gbagyi, da rugagen Fulani jefi-jefi, sai daji iya ganinka. In damina ta kankama ciyawa takan shanye mutum, tsuntsaye kuwa kamar an yi shelar su taru: shamuwa, belbela, cilakowa, fakara, da wasu da har yau ban san sunansu ba. In an tashi makaranta ba mu da wurin zuwa, sai muka mai da kallon tsuntsu abin yi, daga kallo kuma muka zarce ɗaukar hoto.

Ni na fara mallakar kyamara. Wani Bature mai awon ƙasa da zai koma gida ya bar mini tasa, mai dogon baki, irin wadda ke jawo abin da ke nesa ta dire shi gabanka. Isyaku kuwa wata tsohuwar kyamara mai kama da akwati ya samo a Minna, wadda ake riƙewa daidai ciki a leƙa ta sama. In ba dab da abu ka zo ba, ɗigo kawai za ka gani a takarda. Ranar da ya kawo ta har haƙuri na ba shi.

Ga wanda bai san kazar dutse ba, 'yar ƙarama ce, ba ta kai fakara ba, launin ƙasa-ƙasa, da jar ƙafa, da wutsiya a ɗage irin ta kazar gida. Da sassafe za ka ji su a kan dutse suna kiran juna, murya na ƙara hawa kamar masu gardama. Amma ka kuskura ka ɗaga ƙafa, sai su shige tsagar dutse, shi ke nan kun yi sallama sai gobe. Muka sa wa kanmu gasa: wa zai fara kawo hotonta wanda ko makaho ya shafa zai ce ita ce. Ban ɗauki abin gasa ba ma, don a ganina mai dogon baki ya riga ya ci.

Nakan wanke farar rigata tas, in sa hula, in hau wani dutse can nesa in tsaya kamar mai jiran a gaishe shi. Mu aika fim Kaduna ta hannun direban babbar mota, mu yi ta jira. In hotuna suka dawo, sai ka ga dutse, ka ga dutse, ka sake ganin dutse, wani lokaci da ɗan guntun wutsiya a gefe. Isyaku yakan karɓa ya duba a tsanake, ya jinjina kai, ya ce, "Wallahi Malam Garba, dutsen nan ya fito da kyau."

Shi ma a daminar farko bai samu komai ba. A ta biyu ne ya je wurin wani tsohon maharbi Bagbagyi ya roƙi aron kan burtu. 'Yan zamani ba za su san shi ba. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa, namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharba su sassaƙa itace kamar wuyansa, su rufe da fata, su ɗora masa bakin burtu na gaskiya, su manna jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsintar abinci, har ya isa inda kibiyarsa za ta kai.

Tsohon ya dubi Isyaku sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ba baka, ba bindiga. In ka kai kusa za ka yi mene? Hoto ba ta shiga miya fa." Ya dai ba shi, daga baya ma ya ce ya riƙe.

Ni kuwa na ga abin kunya ƙarara. Malamin makaranta a lokacin ba abin wasa ba ne, dattawa kan tsaya su gaishe mu a hanya. Na ce masa, "Mutumina, ka tuna gobe kai za ka tsaya gaban iyayen yara." Ya ce, "Ai ba iyayen yara nake so su tsaya mini ba." Matan Gbagyi masu dawowa daga gona da kaya a kafaɗa sukan sauke don su yi dariya sosai. Kafin damina ta raba, ƙauye duk ya koma kiransa Malam Burtu, shi kuma yana amsawa har da ɗaga hannu.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, na ce zan bi shi in ɗauko hotonsa yana rarrafe, don ya ga abin da mutane ke gani. Ya ce, "To, ka ɗauko ni ta dama, ta nan na fi kyau." Na hau dutsena na saita dogon baki a kansa. Ya rarrafa kaɗan ya tsaya, ya cake bakin burtun a ƙasa, ya ɗago, ya waiga, ya sake rarrafawa. Ina ta dariya ni kaɗai. Can sai dariyar ta tsaya. Uwa ce ta fara fitowa daga tsagar dutse, sai 'ya'yanta suka biyo ta a jere. Suka zo suna kiwo a gabansa, suna zagaya shi, ɗaya har ya taka gefen baƙin zanen ya tsaya yana gyara gashi. Na danna kyamara. Abin da na ji a ƙirjina ba murna ba ce, kada in yi wa kowa ƙarya. Zafi ne. Damina biyu ina roƙon tsuntsun nan kallo ɗaya daga nesa, ga shi yana taka rigar wani.

Da hotunansa suka dawo daga Kaduna, ka ga idon uwar, ka ga ɗigon ruwa a bakinta. Ya ci gasa da tsohuwar akwati. Bai yi mini gori ba, wannan kuma ya fi gorin ciwo. Kan burtun kawai ya miƙo mini ya ce, "Ara ka gwada, ba ya cizo." Na ƙi. In na sa suka zo, da dabararsa ce. In na sa suka ƙi zuwa, na yi rarrafen banza a gaban jama'a. Haka muka yi shekaru, shi yana tara tsuntsaye, ni ina tara duwatsu, da yamma kuma mu ci tuwo a kwano ɗaya.

Zazzaɓi ne ya kama shi a farkon wata damina. Aka kai shi asibiti a cikin gari, bai dawo ba. Da matarsa Asabe ta fita takaba za ta koma gidansu, ta aiko aka kira ni, ta miƙo mini abu naɗe cikin baƙin zane. Ta ce, "Malam, ya ce in ba ka. Ya ce kuma don Allah ka bar farar rigar nan a gida."

Damina na gab da ɗaukewa na fita da shi. Na ɗaura, igiyar ta saba da kansa, sai da na sassauta ƙullin, kuma har lokacin tana ƙanshin man da yake shafawa. Na durƙusa. Tsakuwa ta ci gwiwata, cinnaka suka yi ta aikinsu, na daure ina kaɗa kai yadda na ga yana yi. Ban san iya daɗewar da na yi ba, sai ga su. Suka fito, suka matso, har ina jin ƙarar ƙafafunsu a kan ganye. Babbar cikinsu ta tsaya dab da ni, ta karkata kai tana duban bakin burtun, irin duban da ake yi wa wanda aka daɗe ba a gani ba. Nan na gane. Wannan kan suka sani. Isyaku suka fito gaisarwa, ni aron wurinsa kawai na yi. Kyamara na rataye a wuyana, ban ɗaga ta ba, don ko na ɗaga, hawaye ba za su bar idona ya ga komai ba.

Yau nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga wurin. Ba da daɗewa da rasuwarsa ba aka fara maganar gina babban birnin tarayya a yankin. Dutsen da ya yi rarrafe a gindinsa an fasa rabinsa an yi tsakuwar gini, inda uwar nan ta fito da 'ya'yanta yanzu shagon mai cajin waya ne. Da zai ga mutane a cunkoson Nyanya kowa da kyamara a aljihu, wadda ta ninka tawa kyau, ana ta ɗaukar fuskar kai, na tabbata dariya zai yi ya tambaya ko akwai mai son aron burtu. Ko kuma ya nemi hanyar Bwari, ya yi ta tafiya har ya ji kukan kazar dutse. Allah Ya yafe mini, ko a nan ma ina ƙyashinsa. Ya tafi da dajin cikakke, ni aka bari in ga yadda ake cinye shi.

Hotunansa ba su yi tsawon rai ba. Suna cikin adaka a gidan su Asabe gara ta shiga ta gama da su. Kan burtun ma fatarsa ta zube, baki kawai ya saura, yana nan cikin kayana. Abin da ya rage a duniya na aikin Isyaku shi ne hoton nan da na ɗauka don in yi masa tsiya. Yana rataye a falona a Gwarinpa: baƙin zane a durƙushe, dogon wuya na itace, kaji a kewaye, ɗaya a kan gefen zanen. Fuskarsa ma ba ta fito ba.

Baƙi sukan tsaya gabansa su daɗe. Sai wani ya juyo ya ce, "Alhaji, ashe kai gwani ne! Yaya aka yi suka yarda da kai haka?" Sau da yawa nakan ji kamar in yi murmushi in bar zancen a haka, wa zai ƙaryata ni? Amma sai in tashi, da gwiwar nan tawa mai ciwo, in je in ɗora yatsa a kan baƙin zanen.

In ce, "Ba da ni suka yarda ba. Ga mutuminsu nan."

Shekara hamsin, har yau in na faɗi haka sai na ji zafin nan a ƙirjina, daidai inda na ji shi a kan dutse. Ban taɓa roƙon Allah Ya yaye mini shi ba.