Taguwar Mamuda a Bayan Doki

A wata fadama tsakanin Makarfi da Ikara, inda rafi ke ratsa gindin duwatsu, an yi wani mutum Ashafa mai mazarƙwaila. Tun zuwan injin matse rake ƙasar, shi da ƙanensa Mamuda suka haɗa hannu suka sayi ɗaya, suka sayi doki suka sa masa suna Bidi. Aikin nan na mutum uku ne, kowa ya sani: mai cusa rake a inji, mai bin doki yana kewayawa, da mai tsaron kasko kada ruwan ya ƙone. Su biyu suka riƙe shi. Ashafa na tsakanin inji da kasko, Mamuda na bayan Bidi yana zuba masa surutu.

Sai ciwon barci ya shigo fadamar. Mamuda ya fara gyangyaɗi a tsaye, wuyansa ya yi ƙululu, kafin damina ta fita aka kai shi makwanci. Turawan lafiya suka ce ƙudan tsando ne na bakin rafi, aka sare kurmi, aka tashi unguwar aka mai da ita kan tudu. Gida goma sha ɗaya suka tashi. Ashafa ya ce zai biyo baya in ya gama da rakensa, don ba ya da mata ba ya da ɗa, raken nan shi ne abin da ya rage masa.

Ya sare kadada guda shi kaɗai, ya tara. Rake kuwa in an sare ba ya jira, in ya daɗe a ƙasa sai ya yi tsami, mazarƙwailarsa ba ta daskarewa. Ya ɗaura Bidi, ya kora shi, ya koma bakin inji. Dokin ya yi zagaye ɗaya ya waiga, bai ga kowa ba, ya tsaya. Ya sake kora shi, ya sake tsayawa. In ya bi doki inji na juyawa fayau, in ya koma inji doki ya coge. Har azahar bai cika rabin kasko ba, ƙudan zuma sun fara taruwa a kan tarin raken.

Ya shiga bukka neman igiya, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar taguwar Mamuda a rataye. Daga nan ya gicciya gora biyu, ya zura musu taguwar, ya kafa musu hula a sama, ya ɗaure a jikin doguwar sandar da dokin ke ja, daidai bayansa. Bidi ya waiga, ya shinshina, ya taka. Amma in shiru ya yi yawa sai ya rage tafiya, dole Ashafa ya riƙa magana.

Haka ƙanwarsu Kulu ta same shi da ta sauko da fura daga tudu, yana cewa:

"Kai Mamuda, raggo, ɗaga ƙafa mana! Jiya ma ni na yi rabin aikinka."

Ta ajiye ƙwaryar. "Yaya, da wa kake faɗa?"

"Da wanda ba ya ramawa."

"Subhanallahi. In mutanen tudu suka ji, cewa za su yi ka taɓu."

"To su sauko mutum ɗaya ya bi dokin, sai in yi shiru."

Kulu ta san ba mai saukowa. Ta juya wa taguwar baya ta zauna har ya sha furar, ta koma.

Raken bai yi tsami ba. Ya matse shi tas, mazarƙwaila ta daskare ja wur, mangala shida ya kai kasuwar Makarfi. Ranar da ya wanke kasko ya sa hannu zai kwance taguwar, rana ta riga ta cinye kafaɗunta, sai ya fasa. Ya zaɓi kawunan rake masu ido, ya dasa na baɗi a gefen rafi.

Bai hau tudun ba. Masu wucewa da kaka sukan jiyo muryarsa daga fadama, yana ce wa Mamuda ya ɗaga ƙafa.