Mangwaro a Gonar Masallaci

Da ana mayar da hannun agogo baya, da na tuge waɗannan 'yan dashen mangwaro tun ba su kai gwiwa ba.

Gonar ta masallacin unguwarmu ce a nan Zuru. Wata tsohuwa mara magaji ta bayar da ita, mai unguwa kuma ya ce ko dami ɗaya na haraji ba za a karɓa a kanta ba. Muna noma ta da gayya. Dawarta ke sayen tabarmi da kananzir, ta ciyar da liman. Ni aka damƙa wa kula da ita.

A lokacin ina masinja a sakandare, inda wani malami Ba'indiye, ɗan ƙabilar Tamil, ke koyarwa. Da na ba shi labarin gonar, sai ya ce a ƙasarsu sarakunan dā sukan ba ɗakunan bauta filaye, su yafe musu haraji, don kada fitila ta mutu. Ya ce a jikin dutsen bango ake sassaƙa iyakar, har yau ana karantawa.

"Ku a ina kuka rubuta, Malam?"

Na yi dariya. "Mu nan kowa ya sani."

Sai ƙanena ya baro soja, ba aiki, ga iyali. Ya ce, "Yaya, ara mini gefen fadamar nan, damina biyu kawai. Ko so kake in ci takalmin soja?" Na ara masa, ban gaya wa kowa ba.

A wajenmu mai aron gona ba ya dasa itace, don wanda ya dasa ya zama mai wuri. Shi kuwa ya dasa mangwaro, na ga dashen da idona. Na ce gobe zan yi magana, gobe ta zo na ji nauyi.

Yanzu shi ya rasu, mai unguwar ya rasu, limamin ma haka. 'Ya'yan ƙanen nawa sun haɗe gonar duka, sun ce gado ce. Babbansu ya ce mini, "Baba, in aro ne, wa ya bar shi ya yi dashe?" Sabon liman yana ƙwadago a gonakin mutane wajen Dirin Daji.

Ba na iya zama a gida. In fita, in zaga ta bakin gonar, in dawo, in sake fita.

Wanda aka ba riƙon abin jama'a, don Allah ranar da ka gani, ranar za ka yi magana, ko ɗan'uwanka ne.