Takardar da Yaya Nasiru ya riƙe shekara huɗu

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ce komai a shafin nan ba. Masu tsokanata ko na sake canza kulob ne, a'a. Gadon asibiti na koma, kuma na fi daɗewa a kansa fiye da wasu kulob ɗin da na buga wa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Bashiru ɗan Sabon Birni, ɗan wasan tsakiya. Kulob shida na buga wa a Nijar da Burkina Faso da Tunisiya da Oman. Duk inda na je, Yaya Nasiru ne ya kai ni. Ɗan wan mahaifiyata ne daga garin Isa, Inna ce ta raine shi tun yana ƙarami. Shi ke sa hannu, shi ke riƙe fasfo da takarduna. Ni dai in buga.

Na zo hutu bara, na tarar gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, damina ta uku ke nan a jere. A makon farko takalmin ƙwallo ya ƙi shiga ƙafata. Sai fuska ta fara kumbura da safe, fitsari yana kumfa. Na ce zafi ne. Da amai ya zo na kasa riƙe ko kunu, aka ɗora ni a babur zuwa Isa, daga can suka ce Sakkwato.

An ɗebi jini, an yi hoton ciki. Likita ta ja kujera ta zauna kafin ta yi magana, a nan gabana ya faɗi.

"Malam Bashiru, ƙodarka duka biyu sun gaji. Gobe za mu fara wankin ƙoda."

Sau biyu a mako, awa huɗu ina kallon jinina yana fita ta bututu yana dawowa. Kowane wanki ya kai kuɗin buhun gero biyu, a shekarar da buhun ya gagari mutane. An sayar da filina. Ruwan da zan sha ma sai an auna a kofi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke gadon kusa da ni mun yi hirar ƙwallo ranar Talata, ranar Juma'a wani na tarar a gadon.

Likita ta nemi tsofaffin gwaje-gwajena. Na kira Yaya Nasiru, ya ce yana Maraɗi kan wani aiki, ya ba wani direba jakar takarduna ya kawo. Bai zo ba.

Takardun da Faransanci suke. Ni Faransancina na filin wasa ne, irin su "ba ni ƙwallo" da "koma baya". Ita likitar a Yamai ta yi karatu. Ta tsaya a kan wata takarda daga Tunisiya, ta daɗe.

"Wa ya karanta maka wannan?"

Na ce Yayana, ya ce lafiyata lau.

"Shekara huɗu ke nan da suka rubuta cewa ƙodarka ta fara taɓuwa. Sun ce ka daina maganin kashe ciwo, ka ga likitan ƙoda cikin wata ɗaya."

Jama'a, shekara huɗun nan ban taɓa shiga fili ba sai da ƙwaya biyu ko allura saboda gwiwata. Yaya Nasiru ne ke sayo min da hannunsa.

Sai komai ya dawo min. Kulob ɗin Tunisiya da suka sallame ni bayan gwaji, ya ce koci ne ba ya son baƙi. Na gaba ma haka. Daga nan ƙananan kulob kawai yake kai ni, waɗanda ba sa gwajin jini. Ni kuwa ina ta zargin ƙafata, ina ƙara gudu da rana tsaka, ina ganin ni ne ban iya ba.

Na kira shi daga kan gadon wanki. Bai musa ba.

"Bashiru, da na hwaɗa maka da ka aje ƙwallo. Shekarun ga da ba a yi ruwa ba, mi gida za shi ci? Kai ka ciyar da mutum goma sha."

Gaskiya ne, na ciyar da su. Amma da ya faɗa min, wataƙila da na zaɓi bugawar da kaina, na daina ƙwayar kawai. Ƙodata ce. Ya yanke hukunci a kanta shi kaɗai, yana karɓar kasonsa a kowace sa hannu. Wannan ya fi allurar wankin ciwo.

Bayan wata biyar ƙodar ta ɗan farfaɗo, aka cire min bututun. Yanzu magani nake sha, ba gishiri, gwaji duk wata. Ina tafiya kasuwa da ƙafata. Ƙwallo kam ta ƙare, ina shekara talatin da ɗaya.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan da ma'aikatan ɗakin wanki, da ƙanwata Saratu da ta bar 'ya'yanta ta yi jinyata, da tsofaffin abokan wasa da suka tuna da ni daga ƙasashe uku.

'Yan wasa, musamman ku na Gatawa da Gangara da na ji Yaya Nasiru yana nema wa kulob: duk gwajin da aka yi maka, karɓi takardar a hannunka. Ka kai wa wanda ba shi da kaso a albashinka ya karanta maka. Kada ka mai da maganin kashe ciwo abinci. Ƙafa ta kumbura ko fitsari ya yi kumfa, je asibiti a ranar.

Inna har yau ba ta san abin da Yaya Nasiru ya yi ba. Kullum sai ta ce, "Nasiru shiru, Allah shi sa lahiya," ta sa masa albarka tare da ni. Ba na so ta ji a bakin maƙwabta. In na yi sallar la'asar zan shiga ɗakinta in karanta mata wannan, ba tare da na tsallake layi ko ɗaya ba.