Ƙudurin da Aka Buga a Kasuwar Wudil

Safara'u 'yar Malam Isyaku ta garin Darki tun tana ƙarama matsoraciya ce, ko zakara ya buɗe fiffike sai ta ruga bayan uwarta. Amma akwai kai, ga rubutu kamar an zana. Da ta ci jarrabawar makarantar koyon aikin jinya a Kano, dangi suka yi caa a kan uban. Shi kuwa ya kafe, ya ce 'yarsa sai ta zama nas.

Lokacin arzikin man fetur ne. Sababbin motoci da babura sun cika titi a hannun waɗanda jiya-jiya suka sauka daga keke, ɗakunan asibiti suka cika da masu karaya. Ma'aikata suka yi kaɗan, aka riƙa barin 'yan aji ɗaya su kaɗai da majinyata. Rannan wani ya cika a hannun Murja, ƙawar Safara'u, ba wanda za ta kira. Ƙungiyar ɗalibai ta zauna, aka yanke ƙuduri: kada a sake barin ɗaliba a ɗaki ba tare da ƙwararriyar nas ba. Kowa ya ɗaga hannu. Da aka zo kan wanda zai rubuta shi a kai wa Babbar Sista, shugabar ma'aikatan jinya, sai idanu suka dawo kan sakatariya, wato Safara'u.

Babbar Sista ta san rubutunta kamar yunwar cikinta, kuma bara ta kori mutum biyu a kan abin da bai kai wannan ba. Kwana uku tana neman mafita. Can dabara ta faɗo mata. Ranar Juma'a ta nemi izinin zuwa gida, ta ratsa kasuwar Wudil har rumfar Gwadabe mai buga wa jama'a wasiƙa da tafireta.

"Baba, a buga min wannan, amma kada a sa suna a ƙasa."

"An gama, 'yata. Ke ba ta wajen Malam Isyaku ba ce?"

Ta ce ita ce. Baiwar Allah, har godiya ta yi da ya ninke takardar ya liƙe ambulan. Ba ta san ƙa'idar masu wannan sana'a ba: duk takardar da ta fita daga hannunsu, sai sun shaida a bayanta wanda ya sa aka rubuta.

Da ta koma Kano ta ajiye ambulan ɗin a ofishin Babbar Sista a ɓoye. Ranar Litinin aka tara ɗalibai. Babbar Sista ta karanta ƙudurin har ƙarshe, ta juya takardar, ta ci gaba da murya ɗaya: "Ni Gwadabe na buga wannan bisa umarnin Safara'u Isyaku, Darki, kuma ta amince."

Safara'u ta waiga. Hannaye talatin da biyu aka ɗaga ranar taro, yau kowa ƙasa yake kallo, har Murja. Abin da ciwo, wallahi.

"Ki tattara kayanki," in ji Sista.

Da la'asar motar haya ta sauke ta a bakin hanya. Malam Isyaku yana sheƙar dawa a masussuka, ya hango ta da akwati a ka. Ya yar da ƙwarya, ya taho yana washe baki, yana kiran dangin da suka so hana shi kai ta makaranta.

"Ku zo ga likitarmu! Safara'u, har an ba ku hutun ne?"