Tsagar da ke Bayan Hoton Baba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Babana, Allah ya jiƙansa. Maginin ƙasa ne, kuma shi ya ɗaga bangon gidanmu na Gwale da hannunsa.

Bai damu da ƙwallo ba. Duk da haka ya manna hoton wani tsohon filin wasa na birnin Milan, a Italiya, a bangon zaurenmu. Ina ƙarama nakan raɓe a gefensa ina kallon jajayen ƙarafan rufin, da hasumiyoyin nan masu hanya a murɗe kamar an naɗe igiya. Ya ce min da fari filin gajere ne, aka ƙara masa hawa na biyu, daga baya na uku. Abin da ya burge shi, ba a ɗora na ukun a kan tsohon ginin ba. Hasumiyoyin ne suke ɗauke da shi.

"Kin gani, Ummi?" in ji shi. "Da suka ƙara kaya, sai suka ƙara ƙafafu."

Bana na ji ana cewa za a rushe filin. Ban san me Baba zai ce ba. Na fi tunanin abin da zai ce da zai ga gidanmu, domin Baffa, ƙanensa da ke riƙe da mu, ya ɗora ɗakunan bulo a kan rufin zauren. Ba a kafa ginshiƙi ko ɗaya ba.

Wata rana ina shara na lura hoton ya yage a tsakiya, ba wanda ya taɓa shi. Na ɗaga gefensa, sai ga tsaga a bango. Lokacin tsinken tsintsiya kaɗai ke shiga. Da na nuna wa Umma, ta ce in yi shiru, Baffa shi ke ciyar da mu. Na daure na faɗa wa Baffa, kaina a sunkuye. Ya yi dariya, ya ce bangon ya girme ni, ya sa aka shafe wurin da siminti.

Makon jiya simintin ya zubo. Yanzu yatsana yana shiga.

Ban sani ba ko bangon Baba zai ga ƙarshen daminar nan. Idon magini da ya bar min dai yana nan, kuma ya hana ni sukuni. Na hana ƙannena wasa a zaure, amma ba mu da wata ƙofar fita sai ta nan. Ga hadari yana haɗowa daga gabas.